Tsoron da ke ɓuya a bayan "sai da hanya"

Mai neman aiki yana da dalilin fargaba. Wanda ya tuna ɗaukar ma'aikatan shige da fice a watan Maris na 2014, lokacin da aka karɓi Naira 1,000 a hannun kowane mai nema, aka cika filayen wasa da matasa har turmutsutsu ya yi ajalin wasu, ba zai yi wa kowa dariya ba. Haka magidantan da masaƙun Kakuri suka rufe suka bar su da iyali. Ba da waɗannan nake ba.

Da wanda tsoro ya kama nake, ya ƙi amsa cewa tsoro ne, ya sa masa suna wayo. Akwai wani maƙwabcina da aka sallama daga aiki, mai takardu masu kyau. Aka kira shi intabiyu. Ya sa aka goge masa kaftani, ya jera takardunsa a ambulan, ya isa har bakin get. Da ya hango layi da motocin da ke ajiye, sai ya juyo. Da daddare ga shi a teburin mai shayi yana cewa, "Ai sun riga sun raba wa 'ya'yansu, aiki a ƙasar nan sai da hanya." Wa ya gaya masa? Ko mai gadi bai yi wa sallama ba.

Rashin tayi akan bar arha, in ji masu magana. Dubi mai saye a Kantin Kwari: ya ga shadda ta burge shi, ya yanke mata tsada a ransa, ya wuce sumum. Da ya taya, iyakar abin da zai ji shi ne "albarka". Ba a taɓa kwantar da kowa a asibiti don an ce masa albarka ba. Yakan ƙara tayi, ko ya leƙa shagon gaba, ya kuma fita da sanin farashi. Wanda bai taya ba, ko farashin bai sani ba, amma shi ne zai fi kowa ba da labarin tsadar kasuwa.

Da tsoron ya tsaya a kan irin maƙwabcin nan nawa, da da sauƙi. A'a, sai ya raba wa na ƙasa. Yaro ya gama bautar ƙasa, ya zo da zumuɗi yana cewa, "Yaya, an kira ni Abuja," sai ya ji, "Ƙanena, kada ka ɓata kuɗin motarka." In an matsa wa yayan ya ce ya yi tawakkali, rabo ba ya wuce mai shi. Haba Malam! Yaushe tawakkali ya zama juyowa daga bakin get? Ana ɗaure raƙumi tukuna. Kuma ran da aka liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka, ba kai za ka ciyar da yaron nan da ka hana shiga mota ba.