Waƙar Mai Fataucin Bayi

A hunturun farko da na yi a Liverpool, wani abokin karatuna ya gayyace ni jana'izar kakarsa, wata tsohuwa 'yar asalin Jamaika. Da aka zo ƙarshen addu'a a majami'a, sai jama'a suka miƙe suka rera waƙar nan da ake kira "Amazing Grace". Na ga dattawa suna share hawaye. A hanyar komawa ya ce mini, "Ka san wanda ya rubuta ta dillalin bayi ne? Daga wannan garin jiragensa ke tashi." Tun ranar tambaya ɗaya take damuna: shin kyawun waƙa yana wanke hannun wanda ya rubuta ta?

Sunan mutumin John Newton, an haife shi a Landan a 1725. A 1748 guguwa ta kusa nutsar da jirgin da yake ciki kusa da gaɓar Ailan, ya yi kuka ga Allah, ya tsira, daga baya ya riƙa ɗaukar wannan rana a matsayin mafarin tubarsa. To amma ga inda gizo ke saƙar. Bayan wannan tuba ne ya zama kyaftin na jirgin bayi, ya yi tafiya 3 zuwa gaɓar Afirka ta Yamma tsakanin 1750 da 1754. Yana jagorantar addu'ar Lahadi ga ma'aikatan jirgi a sama, mutane na ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Rashin lafiya ce ta raba shi da teku, ba lamiri ba.

A 1764 ya zama limamin coci a ƙauyen Olney. Can ya rubuta waƙar domin wa'azin sabuwar shekara ta 1773, aka buga ta a 1779 cikin littafin waƙoƙin da suka haɗa da abokinsa William Cowper. Sai a 1788, shekara 34 bayan barinsa sana'ar, ya fitar da ƙasida yana bayyana ta'asar da ya gani, yana cewa yana jin kunyar hannun da ya sa a ciki. Ya mara wa William Wilberforce baya har majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, shekarar da ya rasu.

A ganina, 'yan'uwa, tuba ƙofa biyu gare ta. Akwai wadda ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, akwai kuma ta haƙƙin mutane, kuma Kirista da Musulmi duk an koya musu haka. Newton ya shiga ta farko da wuri, ta biyu ta ɗauke shi shekara 40. Waɗanda ya sayar a kasuwannin ƙetare ba su ji ƙasidarsa ba, ba wanda ya mayar da su gida. Don haka ban yarda waƙar ta biya masa wannan bashi ba.

Amma kuma ban ga dalilin zubar da ita ba. Karin da muke ji yau ba nasa ba ne. A Amurka William Walker ya haɗa kalmomin da shi a 1835. Jikokin bayi suka ɗauke ta suka mai da ita tasu, Mahalia Jackson da Aretha Franklin suka rera ta, a 2015 kuma Barack Obama ya rera ta a jana'izar fasto Clementa Pinckney da aka harbe a Charleston. Su ne masu haƙƙi, su suka zaɓi riƙe ta.

Abin da ya fi tsoratar da ni shi ne shekarun nan da Newton ya yi yana ibada da zuciya ɗaya, bai ga laifin abin da ke ba shi abinci ba. Kowannenmu ya tambayi kansa: wane ne ke ɗaure a ƙarƙashin jirgina? Almajirin da ke wanke mana kwanuka a gida, ko 'yar aikin da ba a sa ta makaranta ba? Allah Ya nuna mana su tun muna da ikon kwance su, amin.