Ido Ba Kunne

A dā, in mai mota ya ba direba motarsa, sai amana. Mota ta tashi daga tasha, ta ɓace cikin ƙura, ba shi da sauran labari sai ran da ta komo aka zauna lissafi. Yanzu kuwa akwai kamfanoni masu haɗa fasinja da direba ta wayar hannu, su ɗauki rabonsu cikin kuɗin kowace tafiya. Ɗayansu shi ne Uber, wanda aka kafa a Amurka cikin 2009, ya iso Ikko cikin 2014. Wayar da direba ya kafa a gabansa tana karɓar alama daga taurarin ɗan Adam, tana kuwa gaya wa kamfani inda yake. Cikin 2016 Uber ya sanar yana gwada wani abu kuma, watau wayar ta nuna ko direba ya cika gudu, ko yana taka birki da ƙarfi.

To, 'yan'uwa, daidai ne mutum ya sa wa ɗan'uwansa ido haka?

Kada mu yi saurin cewa a'a. Mace wadda ta shiga motar baƙo da dare ta fi samun kwanciyar rai in ta san ana ganin hanyar da aka bi da ita. Direba ma yana da riba. In fasinja ya yi masa ƙage, ya ce ya zaga da shi domin kuɗi su ƙaru, taswira za ta wanke shi. Mai bi kuwa ba shi da dalilin gudun haske, gama Manzo Bulus ya hana mu aikin ganin ido cikin sura 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa. Amma mu lura, a wurin nan bai tsaya ga masu aiki kaɗai ba. Nan da nan ya juya kan iyayengiji, ya tuna musu su ma suna da Ubangiji a sama. Mu dai mun fi son rabin farko, musamman in mu ke biyan albashi.

Ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Cikin 2014 labari ya bazu cewa ma'aikatan Uber suna da wata taswira mai nuna dukan motocinsu cikin gari, da masu jiran mota. Sunan da suka raɗa mata God View, watau kallon Allah. Har wani babbansu a birnin New York ya bi sawun wata 'yar jarida da ita, ba da izininta ba. Wataƙila da wasa suka sa sunan. Duk da haka ya isa a auna.

Ƙaƙa kallon Allah yake? Mu tuna da Hajaratu cikin sura 16 ta Farawa. Baiwa ce, tana da ciki, ta gudu daga wulakancin uwargijiyarta. Mala'ikan Ubangiji ya same ta a bakin maɓuɓɓuga cikin jeji. Ya san inda take sarai, amma ya kira sunanta, ya tambaye ta inda ta fito da inda za ta, ya bar ta ta amsa da bakinta. Ita ta ba Ubangiji suna saboda ya gan ta, sunan ɗanta Isma'ilu kuwa yana shaida Allah ya ji. Gani da ji tare suka zo mata.

Taswirar kamfani tana da ido, ba ta da kunne. Ta ga mota ta tsaya minti ashirin, ba ta san ko direba ya tsaya taimakon wanda ya faɗi a hanya ba. Ta ga an taka birki da ƙarfi, ba ta ga yaron da ya gilma da gudu ba. Wannan ba laifin na'ura ba ne, iyakarta ke nan. Laifi yana farawa sa'ad da aka yanka hukunci bisa ga abin da ta gani kaɗai. Direba ya tashi da safe, ya iske an rufe masa aiki, an aiko da 'yar magana cewa ana zarginsa da zamba. Wace zamba? A wace tafiya? Ba wanda zai tsaya gabansa ya tambaya. Kamfani yana ganinsa duka, shi kuwa ba ya ganin kome na kamfani. Ga bashin mota, ga iyali.

Har wa yau kamfani yakan ce direbobin nan ba ma'aikatansa ba ne, abokan ciniki ne masu zaman kansu. Ashe, ana iya riƙe idon maigida a ƙi nawayar maigida? Kotun ƙoli ta Ingila ba ta yarda ba. Cikin 2021 ta ce direbobin da suka kai ƙara ma'aikata ne, ta kuwa dubi yawan ikon da Uber ke yi da su.

Waɗansu direbobin Ingila da Fotugal da aka rufe wa aiki sun kai kukansu har Amsterdam ta ƙasar Holan, inda babban ofishin Uber na Turai yake. Kamfani ya ce ai mutane sun duba maganarsu kafin a kore su. Cikin 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta bincika, ta tarar ba a ko ji ta bakin waɗansunsu ba, duban da aka ce mutum ya yi kuma na jeka na yi ka ne. Ta umarci kamfani ya bayyana wa direbobin yadda aka yi aka yanka musu hukunci.