In Kin Je Garin Wasu, Ina Iyakar Ladabi?

A ce aiki ya kai maigida Ibadan, kin tattara yara kin bi shi. Kin sauka a gidan haya, maƙwabtanki Yarbawa ne, wasu Musulmi, wasu Kirista. Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemo ka ɗaura. To amma kowace wutsiya ce za ki ɗaura? Tambayar ke nan.

Da yawanmu wuri ɗaya muke kuskure: duk abin da ba mu saba da shi ba, sai mu kira shi haramun. Maƙwabciya ta aiko miki da amala da miyar ewedu, kin yatsine fuska a gaban 'yarta, kin ce ke ba kya cin irin wannan. Tsakani da Allah, addini ne ya hana ki ko rashin sabo? Garin doya ne da ganyen lalo, lalon da muke miya da shi a gida. Tsohuwar gidan ta wuce, kin kasa rusuna mata, alhali surukarki har ƙasa kike durƙusa mata. Wannan raini ne, kuma gobe da shi za a auna duk wata Bahaushiya mai hijabi da ta shigo unguwar.

Dubi magabatanmu. A shekara ta 615, Musulmi suka yi hijira zuwa Habasha, ƙasar sarki Najjashi wanda a lokacin Kirista ne. Da mata a cikinsu, har da Nana Ruƙayya 'yar Manzon Allah (SAW) da Ummu Salama. Wasunsu sun haura shekara 10 a can. Ummu Salama ta ba da labarin cewa da wani ya taso zai ƙwace mulkin Najjashi, addu'a suka yi ta yi Allah Ya ba shi nasara. Ummu Khalid kuwa a can aka haife ta, kuma da Annabi (SAW) ya ba ta kyautar riga a Madina, da kalmar Habasanci ya yaba kyan rigar.

Amma fa da aka shigar da su fada, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bai yi wa sarki sujada ba kamar yadda fadawa ke yi. Bai zagi kowa ba, bai kushe al'adarsu ba. Bayani ya yi cikin natsuwa cewa su Allah kaɗai suke yi wa sujada, sarki kuma ya karɓa.

Ga ma'auni nan. Gaisuwa, abinci na halal, zuwa barka da ta'aziyya, koyon 'yan kalmomi na harshensu, duk ki yi da sakin fuska. In an zo kan giya, ko cire hijabi, ko wani abin da ya taɓa aƙida, ki ce a yi miki afuwa, addininki bai yarda ba, ki yi godiya. Wadda ta saba ganin kina cin amalarta ba za ta ɗauki wannan a matsayin ƙyama ba.

Kafin ki ce "a'a", tambayi zuciyarki: don Allah na ƙi, ko don ina ganin mun fi su? Allah Ya sa mu bar kyakkyawan suna duk inda muka sauka, amin.