SABON GARI, TSOHUWAR ZUCIYA



Wani dare bayan girbi, wani saurayi na ekklesiyarmu ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya ce ya sami aikin gini a Abuja, gobe da asuba zai shiga mota, yana so in yi masa addu'a. Na ce, "Madalla! To, ka yi ban kwana da baffanka?" Sai ya sunkuyar da kai. Ashe da bazara ya karɓi buhu biyu na masara a hannun baffan, ya sayar, har yau bai biya ba. Ya ce, "Pasto, ai dalilin tafiyar ke nan. Ina so in tafi inda ba wanda ya san ni, in soma sabon zama."

Ku ji ni da kyau, tafiya neman aiki ba zunubi ba ce. Na zaune bai ga gari ba. Kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja da jakuna domin goro. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mutane suka yi ta bin layin dogo neman abinci. Waɗansu suka hau Jos da Bukuru haƙar kuza, waɗansu suka nufi Kaduna sa'ad da aka buɗe masaƙa a 1957. Da gwamnati ta koma Abuja a 1991, sai samarinmu suka juya can. Ikilisiyoyi da yawa na birane kuwa, a ɗakin wani lebura ko ma'aikacin jirgi aka soma su. Allah ya sha yin aiki ta wurin masu ƙaura.

Amma akwai kayan da ba ya shiga akwati, duk da haka yana bin mutum duk inda ya tafi. Ku buɗe Littafin Farawa, sura 27 zuwa 33, ku dubi Yakubu. Ya ruɗi ubansa Ishaku, ya ƙwace albarkar wansa Isuwa, ya gudu zuwa Haran wurin kawunsa Laban. Can ya sami aiki, ya yi aure, ya tara garkuna. Wanda ya gan shi zai ce ƙaura ta karɓe shi. Amma mai ruɗi ya tarar da wanda ya fi shi. Laban ya ba shi Lai'atu maimakon Rahila, ya kuma sāke masa lada har sau goma. Shekara 20 ya yi a wannan ƙasa, amma ran da aka gaya masa Isuwa yana zuwa da mutum 400, tsoro ya kama shi kamar jiya jiya ya yi laifin. Shekara 20 ba su biya bashin ba, nisan hanya kuma bai share shi ba.

A ina fa Yakubu ya sami sabon farko? Ba a Haran ba. A bakin rafin Yabbok ne, da dare, shi kaɗai, inda aka tambaye shi sunansa, ya faɗa da bakinsa, aka ba shi sabon suna Isra'ila. Da gari ya waye ya tafi yana ɗingishi, ya rusuna a gaban ɗan'uwan da ya cuta. Mutanenmu sukan ce hali zanen dutse. Gaskiya ne, mota ba ta iya kankare shi, albashi kuma ba ya iyawa. Sai Wanda ya yi dutsen.

Domin wannan, kai da ke ɗaura kaya, ga abu uku da na ke roƙonka.

Na ɗaya, ka fita ta ƙofar gida, kada ka fita ta bayan danga. In akwai bashi a kanka, je ka faɗa, ko ba ka da abin biya yau, a sa rana. In ka ɓata wa wani rai, ka nemi gafara. In kana da mata da 'ya'ya, ku zauna ku shirya abin da za su ci, da lokacin da za ka aiko, da lokacin da za ka ɗauke su. Mata nawa ne a ƙauyukanmu su ke zaman takaba alhali mazansu suna da rai?

Na biyu, ka karɓi takardar shaida daga dattawan ekklesiyarka, ka kai ta tun Lahadi ta fari. Kada ka ce sai ka zauna da gindinka tukuna. Lahadi ɗaya takan zama wata, wata ya zama shekara. Garwashin da aka ware daga murhu ba ya daɗewa da ja.

Na uku, akan ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemo ka ɗaura. Wannan ba maganar mai bi ba ce. Dubi Akila da matarsa Biriskilla cikin Ayyukan Manzanni sura 18. Kaisar Kalaudiyus ya kori Yahudawa daga Roma, suka sauka Koranti, birnin ciniki da lalata. Suka kama sana'arsu ta ɗinkin tanti, suka sauki Bulus a gidansu. Da suka koma Afisa, gidansu ya zama wurin sujada. Gari ya sāke, aikin hannu da bangaskiya suna nan yadda su ke.

Ku kuma 'yan'uwa na birni, in kun ga baƙuwar fuska a kujerar baya, kada ku bar shi ya fita ba wanda ya tambayi sunansa. Watakila jiya a tasha ya kwana.

Saurayin nan bai shiga motar asuba ba. Da safe muka tafi wurin baffansa tare. Tsohon ya yi faɗa ƙwarai, ya kuwa isa ya yi. Daga baya ya yi shiru, ya ce a biya shi cikin wata uku, ya kira matarsa ta ƙulla wa yaron gari da ƙuli-ƙuli na guzuri. Ya yi asarar kwana biyu, amma ya tafi da albarka, yana kuwa iya dawowa gida da rana tsaka.

Kai fa, mai karatu? Aiki ne ya ke kiranka, ko kuwa gudu ka ke yi? In gudu ne, ka tsaya a naka Yabbok yau, ka faɗa wa Yesu sunanka na gaskiya. Shi ne mai ba da sabuwar zuciya, a ƙauye ko a birni. Ubangiji shi kiyaye fitarku da shigarku. Amin.