Ɗana, Tsaya Kafin Ka Kai Gorar Nan Baki

Ɗana, matso kusa mu yi magana kan ruwan maganin nan da ake ɗurawa a gora ana yawo da shi kasuwa-kasuwa. Kada ka ɗauka ina cikin masu raina maganin gargajiya. Da sabara da marke da ɓawon maɗaci aka yi renonmu, kuma asibitin ma daga daji ta samo da yawa cikin abin da take taƙama da shi. Kwinin daga ɓawon wani itacen Kudancin Amurka aka fitar da shi. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ake rubuta maka yau, tushenta wani nau'in tazargade ne, wanda Tu Youyou 'yar ƙasar Sin ta ciro sinadarinsa a 1972, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A nan gida kuma cibiyar NIPRD da ke Abuja ta haɗa wa masu sikila maganin Niprisan daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi. Saboda na yarda itatuwan nan suna da ƙarfi, shi ya sa nake ji maka tsoronsu. Duk abin da ya isa ya kori ciwo, ya isa ya ji wa mai ciwon rauni in an wuce gwargwado.

Kakanninmu sun san gwargwadon nan. Tsohuwa za ta tsinko ganyen da idonta ya sani, ɗan abin da tafin hannu zai riƙe, ta jiƙa a ƙwarya, a sha kwana biyu ko uku a bari. Yau kuwa buhu guda ake zubawa a tukunya, a yi ta dafawa har ruwan ya tsotse ya yi kauri, ko a busar a daka a cusa a kafso. Cokali ɗaya na irin wannan ya ninka jiƙon tsohuwa ƙarfi, kuma shi kansa mai dafawar bai san sau nawa ba. Ganyen damina ma ba ɗaya yake da na rani ba. Dalili ke nan Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a sha jiƙon tazargade a madadin maganin maleriya ba: in sinadarin ya yi kaɗan, ƙwayar cutar ba ta mutuwa, sai ma ta koyi jure masa.

Duk abin da ka haɗiya, hanta da ƙoda ne ke dakonsa, su kuwa ba sa kuka da wuri. A farkon shekarun 1990, a birnin Burasel na ƙasar Beljiyam, an ba wasu mata maganin rage ƙiba da aka haɗa da saiwoyin da aka kawo daga Sin. Ashe an yi kuskure, an sa wata saiwa a gurbin wata saboda sunayensu sun yi kama. Mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya ciwon daji ya kama musu hanyar fitsari. Tsiron da ya yi wannan ɓarna danginsu ɗaya da duman dutse, wanda ake kasawa a kasuwanninmu. In har haka ta faru a inda ake da ɗakunan gwaji, me kake tsammani da garin da aka ƙulla maka a leda, ba suna ba kama?

Ka dubi mai lasifikar nan na bakin tasha da kyau. Gorar lemo ce aka sha aka yar, ya tsinto ya ɗauraye, ya cika da ruwa ja mai gurɓi a gindi, ta wuni a rana kan bayan mota. Gora ɗaya tal, amma wai tana maganin basir da sanyi da taifot da gyambon ciki da hawan jini da ciwon suga, har da ƙarin kuzarin maigida. Tambaye shi abin da ke ciki, zai ce sirrin gado ne. Mai magani na ƙwarai, irin wanda unguwa ta sani, yakan tambaye ka ciwonka, ya faɗa maka sunan itacen, ya auna maka, kuma ba ya jin kunyar cewa wannan ya fi ƙarfina, tafi asibiti. Wani abin baƙin cikin shi ne, ba duk abin da ake kira na itace ne na itace zalla ba. Akan daka ƙwayoyin bature a cikin maganin maza da na sa ƙiba, domin mai saye ya ga aiki nan take. Mai ciwon zuciya ya sha irin wannan, ana iya wayar gari babu shi.

In na kwalba za ka saya, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da adireshin wanda ya yi. Lambar magungunan gargajiya takan ƙare da harafin L, ma'anarta an gwada an ga ba guba ba ne a adadin da aka rubuta. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da tallan ke faɗa.

Kada kuma ka ɓoye wa likita abin da kake sha a gida don gudun faɗa. Hulba tana saukar da suga. Ka haɗa ta da ƙwayar asibiti ba da saninsa ba, sai jiri ya kwashe ka. Tafarnuwa da citta in sun yi yawa suna ƙara wa maganin tsinka jini ƙarfi. Mafi muni, ka ajiye maganin hawan jini ko na tarin fuka saboda wani ya rantse maka cewa jiƙonsa ya wadatar.

Iyalinka kuwa amana ce a wuyanka. Mai ciki kada ta sha abin da ba a san kansa ba, balle masu sa gudawa irin filasko. Jariri nonon uwa ya ishe shi har wata 6, ba ruwansa da ɗauri ko man darbejiya. Likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka gano cewa yawan kunun kanwa da zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kumbura masu jego. Ka faɗa wa tsofaffin gida wannan cikin ladabi, amma ka faɗa.

Ku kuma samari masu jefa zaƙami a shayi ko gadagi don ƙarfin aiki, ku je ku ga wanda ya sha ya wuce kima: baki ya bushe, jiki ya yi zafi ba gumi, ƙwayar ido ta buɗe, yana cafkar abin da babu, bai gane mahaifiyarsa ba. Yara ma kan ci 'ya'yan bini da zugu ko na zurma a bakin shinge suna zaton gyaɗa ce. In haka ta faru a gidanka, kada ka tsaya ɗura masa manja ko madara, kada ka tura masa yatsa don ya yi amai. Ɗauke shi sai asibiti nan take, ka riƙe gorar ko ragowar abin da ya ci ka nuna wa likita, ka faɗa masa lokacin da aka sha da yawan abin da aka sha.