HANKAKA DA GAWA: AMSA GA 'YAN'UWANMU NA GREENSBORO

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) wanda ya hore mana ji da gani da zuciya, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, kwanan baya saƙo ya iso mana daga wasu 'yan'uwanmu biyu, 'ya'yan zongo, waɗanda muka yi zaman allo tare da su tun muna ƙanana. Neman halali ya kai su birnin Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, ƙasar Amurka, garin da manyan hanyoyin mota biyu, I-40 da I-85, suka haɗu, mai tarin rumbunan ajiye kaya, inda mutanen Afirka ta Yamma, musamman na Nijar, suka yi sansani tun da daɗewa. Dukansu aikin dare suke yi, kuma ɗaki ɗaya suke haya. Mai aikin dare a ƙasar da ba tasa ba, babu abokin hira sai abin da ya sa a kunne. Saboda haka kowannensu ya kama sauraron fodkas, wato shirin murya da ake saukewa ta intanet a ji shi lokacin da aka ga dama.

Na farko ya fi son shirye-shiryen da ke bin diddigin kashe-kashen da suka faru da gaske: wa aka kashe, yaya aka kashe shi, yaya aka kama mai laifin. Na biyu ya fi son shirye-shiryen ilmin halittu, na tsuntsaye da itatuwa da ƙwari. Gardama ta kaure a tsakaninsu. Na biyu ya ce wa na farko, "Kai naman matattu kake ci kullum dare." Na farko ya ce, "Ni wayo nake koya a ƙasar da ba ni da kowa, kuma Turancina da shi ya buɗe. Kai kuma me tsuntsu zai tsinana maka?" Daga ƙarshe suka ce, "Malam, a raba mu."

Mu ba muftai ba ne, ɗalibai ne da ke karantar da Larabci a makarantar sakandare ta Islamiyya. Amma tambayar ta shafe mu duka, domin mu ma a nan zongo da an yi haɗari a kan hanya, kafin iyalan mamaci su ji, hoton gawarsa ya gama zagaya wayoyinmu. Shi ya sa muka ga ya dace a yi amsar a fili.

HUJJAR ƊAN'UWA NA FARKO

Adalci shi ne a fara da abin da ke tare da shi na gaskiya. Alƙur'ani bai ɓoye mana labarin laifi ba. Suratu Yusuf tun daga farkonta akwai ƙulla makircin kisa, da riga mai jinin ƙarya, da rigar da aka yage ta baya ta zama shaida, da mutumin da ya yi shekaru a kurkuku ba da haƙƙinsa ba. Ayar ƙarshe ta surar kuwa ta bayyana cewa a cikin labaran nan akwai izina ga masu hankali.

Garin da suke zaune ma shaida ne cewa wani lokacin tona asirin kisa wajibi ne. Ranar 3 ga Nuwamba, 1979, a unguwar Morningside Homes ta Greensboro, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan da 'yan Nazi na Amurka suka buɗe wuta a kan masu zanga-zangar ƙin jininsu, suka kashe mutum biyar, da rana tsaka, a gaban kyamarorin talabijin. An yi shari'a a 1980, aka sake yin wata a 1984, duka biyun juri na fararen fata zalla ya sallami waɗanda ake tuhuma. Da mutane sun ce a rufa, a bar matattu su huta, da maganar ta mutu ke nan. Amma iyalai da waɗanda suka tsira ba su yi shiru ba. A 2004 aka kafa kwamitin gaskiya da sasantawa irin na Afirka ta Kudu, ya fitar da rahotonsa a 2006, sannan a watan Oktoba na 2020 majalisar birnin ta nemi gafara a hukumance kan sakacin 'yan sandanta. Shekara 41 ke nan bayan zubar da jinin. Wanda ya saurari wannan labari don ya san ƙasar da yake takawa, babu mai cewa ya yi laifi. Rashin sani ya fi dare duhu.

HUJJAR ƊAN'UWA NA BIYU

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. A 2023 cibiyar bincike ta Pew ta duba fodkas ɗin da suka fi farin jini a Amurka, ta tarar kashi 24 cikin 100 na labaran laifuka ne, ya fi kowane fanni yawa. Abin da ya kai wannan matsayi ya zama kasuwa, kuma kasuwa sai da haja. Hajar nan kuwa ita ce rana mafi muni a rayuwar wani gida. Za ka ji ana kwatanta yadda aka tsinci gawar wata baiwar Allah, sai a dakata a yi tallar katifa, sannan a dawo kan gawar. Wani shirin ma sunansa My Favorite Murder, wato kisan da na fi so, wal'iyazu billahi.

Mu duba shirin da ya buɗe wannan kasuwa, Serial, wanda 'yar jarida Sarah Koenig ta fara a 2014. Ta bi shari'ar Adnan Syed, saurayi Musulmi ɗan asalin Pakistan, da aka ɗaure a 2000 bisa kisan wata ɗaliba, Hae Min Lee, a Baltimore a 1999. Miliyoyin mutane suka saurara, suka rabu gida biyu kamar magoya bayan ƙwallo. A 2022 kotu ta soke hukuncin aka sake shi, a 2023 wata kotu ta maido da hukuncin, a 2025 aka rage ɗaurin zuwa shekarun da ya riga ya yi, ya ci gaba da zama a waje amma hukuncin laifin na nan. A zaman kotu na 2022 ɗan'uwan marigayiyar ya shaida wa alƙali cewa a wurinsa wannan ba shirin sauraro ba ne, rayuwarsa ce. Mai sauraro idan ya gaji sai ya kashe waya ya kwanta. Iyalin mamaci ba su da abin kashewa.

Mu matso kusa. Tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Greensboro akwai garin Chapel Hill, inda ranar 10 ga Fabrairu, 2015, wani maƙwabci ya harbe matasa Musulmi uku a gidansu: Deah Barakat, da amaryarsa Yusor Abu-Salha, da ƙanwarta Razan. Muna tambayar ɗan'uwanmu na farko: da za a mai da wannan dare abin hira ana dariya ana talla, yaya za ka ji? To duk gawar da ake ba ka labarinta, tana da uwa kamar yadda waɗannan suke da ita.

ABIN DA HANKAKA YA KOYAR

Abin mamaki, amsar gardamar tana cikin shirin da ɗan'uwa na biyu yake sauraro. A 2018 shirin ilmi na Ologies ya yi hira da Kaeli Swift, wadda ta yi bincike tare da malaminta John Marzluff a Jami'ar Washinton da ke Seattle a kan yadda hankaki ke taruwa a kan mushen ɗan'uwansu. Sun riƙa zuba abinci a wuri ɗaya har hankaki suka saba, sannan wani ya zo da fuskar roba ya tsaya riƙe da mataccen hankaka. Hankakin suka taru suna kururuwa. Bayan haka suka riƙa ɗari-ɗari da abincin wurin, kuma ko bayan makonni idan mai wannan fuska ya dawo hannu rabbana, sai su bi shi da ihu. Sakamakon da suka buga a 2015 shi ne, hankaki suna taruwa a kan mamacinsu ne don su gane inda haɗari yake.

Yanzu mu buɗe Suratul Ma'ida, aya ta 27 zuwa ta 32, labarin kisan farko a bayan ƙasa, na 'ya'yan Annabi Adamu (AS) biyu, waɗanda malaman tafsiri suka ce Habila da Ƙabila ne. A kula da yadda aka ba da shi. An tsawaita maganar wanda aka zalunta, da tsoronsa ga Allah, da ƙin miƙa hannunsa. Aikin kisan kansa kuwa, a Larabci kalma ɗaya tak ya ci. Ba a ambaci makami ba, ba a kwatanta rauni ba. Daga nan sai Allah ya aiko hankaka yana tonon ƙasa don ya nuna wa makashin yadda zai binne ɗan'uwansa, kuma kalmar da aka kira gawar da ita, sau'a, ita ce ake kiran al'aura da ita, abin da dole a suturta. Sai nadama, sai hukunci: kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba tamkar kashe mutane ne baki ɗaya.

Ashe darasi biyu ne a wurin hankaka. A tsaya a kan mamaci gwargwadon abin da zai kare masu rai, sannan a rufa masa asiri. Haka muka tarar da iyayenmu suna yi. Ba kowa ake bari ya shiga wankan gawa ba sai amintacce, kuma abin da ya gani ba ya fita da shi. Manzon Allah (SAW) ya hana zagin matattu, kamar yadda Buhari ya ruwaito, kuma aya ta 12 ta Suratul Hujurati da ta kamanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce, ita ce dai ta hana bin diddigin asirin mutane.

Muna yawan faɗa wa ɗalibanmu cewa kalmar ibra, wato izina, tushenta haruffa uku ne, ainun da ba'un da ra'un. Daga su aka samu abara, ya ƙetare kogi, daga su kuma aka samu abra, hawaye. Izina ke nan ƙetarewa ce daga labarin wani zuwa halin kanka, kuma 'yar'uwar hawaye ce. Labarin da bai ƙetarar da kai ko'ina ba, bai kuma sosa maka zuciya ba, sai ma ya zama shi ke sa ka barci, sunansa lahawu ko da kuwa kowace kalma a cikinsa gaskiya ce.

MA'AUNI

Saboda haka muna ba ɗan'uwanmu na farko, da kanmu, tambayoyi huɗu:

1. Wa shirin yake yi wa hidima? Wanda aka zalunta da iyalansa, ko kuwa makashin ne ya zama tauraro?

2. Bayan na gama ji, me ya ƙaru gare ni? Sanin doka da haƙƙina da hanyar kariya, ko ƙishirwar jin wani kisan da ya fi wannan muni?

3. Shin na yanke wa wani hukunci da kunnena? Aya ta 6 ta Hujurati ta umarce mu da tantance labari. A gabashin jihar tasu, kewaye da garin Wilmington, akwai wani tsiro mai kama ƙuda da ganyensa, Turawa na ce masa Venus flytrap, wanda asalinsa ba ya tsirowa a daji ko'ina a duniya sai wannan yanki. Ba ya rufe tarkonsa da taɓawa ɗaya, sai an taɓa gashin cikinsa sau biyu a cikin daƙiƙa kamar 20. Tsiro ke nan da ba shi da hankali. Ina ga mutum da zai ce wane ne ya yi kisa don ya ji murya mai daɗi ta faɗa?

4. Yaya nake kallon maƙwabcina yanzu? Tun shekarun 1970 wani masani a Amurka, George Gerbner, ya nuna cewa masu yawan kallon tashin hankali a talabijin sukan ɗauki duniya ta fi yadda take haɗari. Baƙo yana buƙatar taka-tsantsan, amma idan kowane mai gaishe shi ya zama abin zargi, ya ƙara wa kansa kaɗaici a kan kaɗaici, ya kuma faɗa cikin mummunan zato.

Shi ma ɗan'uwa na biyu kada ya ɗauka ya tsira. Ƙarshen Suratu Ali Imrana ya yabi masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa, amma ya haɗa tunanin da ambaton Allah. Wanda ya haddace sunayen tsuntsaye ɗari don ya ƙure abokinsa a hira, shi ma lahawu ya yi, nasa dai ba jini a ciki. Kuma cewa da ɗan'uwanka yana cin naman matattu, alhali ba ka san niyyarsa ba, ba ita ce nasiha mai kyau ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Shawararmu a gare su ita ce su yi musaya na mako guda, kowa ya ji na ɗan'uwansa. Ranar hutu kuma su cire abin kunnen su fita tare, su je wurin da aka kafa allon tunawa da mutanen 1979, su tsaya su tuna cewa waɗannan ma rayuka ne da aka ɗauka bisa zalunci, daga nan su wuce cibiyar kimiyya ta Greensboro su ga halittun Allah da idonsu. Muna zaton abin da ya fi damunsu duka biyun shi ne rashin dandalin hira irin na ƙofar masallacin unguwa bayan Isha'i, wanda waya ba ta iya maye gurbinsa.

Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk za a tambaye mu a kansu. Awa takwas na aikin dare, kwana biyar a mako, ba ƙaramin jari ba ne, kuma duk ta kunne yake shiga. Allah ya tsare mana kunnuwanmu, ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci daga cikin Musulmi, ya ba dukkan iyalan da aka raba da nasu haƙuri, ya rufa mana asiri muna raye da bayan mun mutu, ya dawo mana da matafiyanmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa namu ne.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.