HAKKIN TSOFAFFIN SOJOJI A KANMU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai tambayar da samarinmu na Illela suke yi, wadda ta cancanci amsa: shin wajibi ne mu gode wa tsohon da ya ɗauki bindiga ƙarƙashin tutar Faransa? Suna kafa hujja da cewa a shekarar 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, ta karkashe jama'a, kuma mafi yawan masu harbin baƙaƙen fata ne.

Wannan magana gaskiya ce, ba mu musanta ta ba. Wanda ya zubar da jinin bayin Allah bisa zalunci, hisabinsa yana wurin Ubangijinsa. Amma fa adalci ya hana a ɗora laifin wani a kan wani. Da yawa daga cikin iyayenmu da kakanninmu da aka kwasa zuwa yaƙin duniya na 1939 zuwa 1945 ba da son ransu suka tafi ba. Nasara ne yake yanka wa sarakuna adadin samarin da za su kawo, kuma duk wanda ya tafi ya fanshi wani da ya zauna gida yana noman gero. Shari'a kuwa ta bambanta wanda aka tilasta da wanda ya zaɓa.

Sannan mu dubi sakayyar da suka samu. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna, don kawai sun nemi kuɗinsu. A 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta mallaka, ba a daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa ba sai a 2011, bayan mafi yawansu sun kwanta dama. To, wanda baƙo ya zalunta, ya dace ɗan'uwansa ya ƙara masa da wulaƙanci?

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya ɗaure godiya ga Allah da godiya ga mutane. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya kafa diwani, ya yanka wa mutanen Badar dirhami 5000 kowannensu, don kada wahalar jiya ta faɗi ƙasa banza. An kuma ruwaito cewa ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya sa a ciyar da shi daga baitulmali, domin bai ga dacewar a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufa ba.

Masu lambobin yabo na wancan zamani sun kusa ƙarewa. Amma a unguwanninmu akwai tsofaffin sojojin Nijar, akwai kuma zawarawa da marayun waɗanda suka faɗi a Tazalit a 2016, da Inates a 2019, da Shinagodar a 2020, suna tsaron barcinmu.

Godiya ba ta tsaya ga fatar baki ba. Mu gaishe su da girmamawa, mu kai su asibiti idan sun kwanta, mu raka wanda bai iya karatu ba wurin neman hakkinsa, mu sa mabuƙatansu cikin rabon zakka bayan girbi. Mu tura yaranmu su zauna gabansu su ji tarihi tun suna raye.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya kyautata ƙarshen waɗanda suka saura, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.